Sabarmu tana mutuwa tsakanin azahar da la'asar: wuta ce ko zafi?

Ɗan Tudun Wada ya rubuta:

Assalamu alaikum jama'a. Ina neman shawarar waɗanda suka riga ni a wannan harka, don abin ya fara hana ni barci.

Ni ne mai kula da na'urori a wata cibiyar koyon kwamfuta a nan Tudun Wada. A irin wannan lokaci aikinmu kusan duk na gwajin jarrabawa ne ga yara masu shirin JAMB. Yaro ya zauna gaban kwamfuta, tambayoyi su fito, agogo na tafiya, kamar dai ranar ta gaske. Kwamfuta 60 ce a zaure, duk daga saba suke jawo tambayoyi. Sabobin biyu ne, duka na hannu maigidan ya sayo. Ɗaya Dell PowerEdge R720 ce, a kanta muke ajiye bayanan ɗalibai. Ɗayar haɗawa aka yi, babban allon cikinta, wato bod, Supermicro X10 ne mai farosesa Xeon biyu, ita ke ɗauke da manhajar jarrabawar. Linux ne a kansu duka, kuma kowacce da UPS ɗinta, wato na'ura mai batir da ke riƙe ta in an ɗauke wuta.

Tun da Maris ya kama ta biyun ta tsiro da wani hali. Da safe lafiya lau, zama na farko da na biyu ko tari ba ta yi. Ana idar da azahar sai fankokinta su fara ihu, har daga zaure ana ji. Wata rana shafi ya riƙa nauyi, yaro ya danna amsa ya ƙirga biyar kafin ta wuce, can sai ta ɗauke ɗif. Wata rana kuma babu wannan jan ƙafar. Ana ɗauke wutar gari, kafin mai gadi ya kai ga janareta, ta riga ta mutu ta sake tashi, alhali ga UPS a gindinta.

Ranar Larabar da ta wuce wata yarinya tana tambaya ta 38 cikin 40 abin ya faru. Daga Rigasa take zuwa, mota biyu take shiga. Ba ta ce min komai ba, ta dai juyo ta dube ni idonta cike da ƙwalla, hannunta bai bar kan linzamin kwamfutar ba. Gwaji ne kawai, na sani, amma a wurinta ba wasa ba ne. Tun ranar na ce sai na gano bakin zaren.

Ɗakin sabar ɗan sito ne a bayan zaure, ba shi da taga, rufin kwano da silin, bangonsa ɗaya yana kallon yamma. Akwai esi mai ƙarfin doki ɗaya, amma in aka koma janareta kashe shi ake yi, don janaretan ba ya ɗaukarsa tare da kwamfuta 60. Ƙofar kuma kullum a rufe saboda ƙura da yara.

Wani abokina ya nuna min umarnin ipmitool sensor, wanda ke nuna zafi da ƙarfin wutar da ke cikin saba. Jiya da ƙarfe biyu na rana na buga, ga abin da na kwafo daga Supermicro:

CPU1 Temp 68
CPU2 Temp 81
System Temp 44
12V 11.62
5VCC 5.03
3.3VCC 3.31
VBAT 2.68

Daga Dell kuma:

Inlet Temp 39
Voltage 1 196
Voltage 2 219

Kowane layi an rubuta ok a gabansa. Dell ɗin fawa-fak biyu gare ta, wato akwatin da ke karɓar wuta ya ba bod, na farkon (Voltage 1) a soket ɗin bango yake kai tsaye, na biyun (Voltage 2) a UPS.

Maigidan ya ga 196 ɗin nan ya ce ai shi ke nan, wuta ce ba ta cika ba, a sayo babbar sitabilaiza. Ni zuciyata ba ta kwanta ba, kuma kuɗin ba kaɗan ba ne, ba na so mu sayo a dawo ana tambayata me ya sa har yanzu tana mutuwa. Shin 196 ɗin ce ke kashe ta? Wannan 11.62 fa, lafiya ce ko alamar ciwo? Zafi digiri nawa ne mutum ya kamata ya fara tsorata? Kuma yaya zan riƙa sa ido a kan waɗannan lambobi ba tare da na tare a ɗakin ba, tunda ni kaɗai ne kuma zaure ma yana buƙatata? Allah ya saka da alheri.

Injiniyan Kakuri ya rubuta:

Wa alaikumus salam. Malam, ka kyauta da ka kawo lambobi, da yawa sai su ce "tana mutuwa" kawai su bar mutum da duba.

Ka ce wa maigidanka ya dakata da sitabilaiza tukuna. Juya bayan sabar ka karanta takardar da ke jikin fawa-fak, za ka ga 100 zuwa 240 bolt. Wutarmu a ƙa'ida 230 ce, amma irin wannan fawa-fak ɗin 196 ba ta dame shi ba, sai dai ya ƙara jan karan, wato yawan wutar da yake zuƙa, kaɗan ya ci gaba da ba bod 12 ɗinsa. Abin da ba ya jurewa shi ne yankewa. Cajin da ke cikinsa na ɗan ƙiftawar ido ne, ana lissafinsa da kashi goma sha wani abu cikin dubu na daƙiƙa. In UPS ya yi nawa wajen karɓa, ko batirinsa ya durƙushe da aka ɗora masa kaya, bod ya tafi. Saboda haka ƙarfin wutar bango daban, ƙarfin wutar da ke yawo a kan bod daban, kada ka haɗa su.

Daga bayaninka ni ciwo biyu nake gani, kai kuma ka haɗa su a ƙwarya ɗaya. Mutuwar da nauyi ke gabata, zafi ne. Mutuwar farat ɗaya lokacin ɗauke wuta, UPS ne. Amma kada ka yarda da ni, bod ɗin da kansa zai ba ka shaida.

A kan kowane bod na saba akwai wata 'yar kwamfuta daban da ake kira BMC. A X10 ɗinka guntun ASPEED AST2400 ne, a Dell ɗinka kuma ita ce iDRAC. Ba ta jiran Linux, ba ta jiran farosesa. Muddin waya na jikin soket tana raye ko da sabar a kashe take, tana karanta sensa ɗaya bayan ɗaya. Yaren da kake mata magana da shi ta ipmitool shi ne IPMI, tun 1998 Intel da wasu kamfanoni suka fito da shi. Tana da littafin rajista da take rubuta duk abin da ya ƙetare iyaka, da ranarsa da lokacinsa. Buga ipmitool sel elist a kan duka biyun. A Supermicro ka nemi layin da ya ambaci CPU2 Temp da Upper Critical. A Dell ka nemi AC lost. Ka yi sa'a ba ka sani ba: tunda fawa-fak ɗinta na farko a bango yake, duk lokacin da aka ɗauke wuta ta rubuta. Ka ɗauki waɗannan lokutan ka jera su da lokutan da ɗayar ta sake tashi, journalctl --list-boots zai ba ka su. Inda suka zo daidai, UPS ne. Inda ba su zo ba, ka koma ga zafi. Kafin nan ka buga ipmitool sel time get ka tabbata agogon BMC daidai yake, in ba haka ba lissafin zai ruɗa ka.

Batun 11.62. Ƙa'idar ATX, wadda ake bi wajen ƙera fawa-fak, ta ba layukan nan rangwamen kashi 5 cikin 100 sama ko ƙasa. Wato layin 12 daga 11.40 zuwa 12.60, layin 5 daga 4.75 zuwa 5.25, layin 3.3 kuma daga wajen 3.14 zuwa 3.47. Kana ciki, amma ka kusa katanga. Kuma lamba ɗaya ba ta cika faɗin gaskiya ba. Karanta ta da asuba babu kowa a zaure, ka sake karantawa yara 60 na kai. In tana zaune wuri ɗaya, da sauƙi. In tana zubewa da an ɗora kaya, fawa-fak ya fara tsufa. Kada kalmar ok ta rarrashe ka. Dubi ginshiƙan da ke dama da ita, iyakoki shida ne, uku na ƙasa uku na sama. Za ka ga iyakar ƙasa ta layin 12 a bod ɗinka ta yi nesa da 11.40, sai abu ya lalace sosai kafin ta yi ƙara. Wanda kada ka damu da shi in ka gan shi a jerin shi ne Vcpu, wato wutar da ke shiga farosesa, wannan hawa da sauka aikinsa ne, farosesa ke neman abin da take so gwargwadon aiki. Na ram kuma, tunda DDR4 ce, ka gan shi kusa da 1.2.

Yanzu ga inda gizo ke saƙa. Duk cikin lambobinka wadda ta fi tayar min da hankali 39 ce, ba 81 ba. Inlet Temp zafin iskar da saba ke shaƙa ne ta gaba. Ƙungiyar injiniyoyin sanyaya gini ta Amurka, ASHRAE, ta ba da shawarar 18 zuwa 27 ga ɗakin saba. Littafin R720 kansa 10 zuwa 35 ya ce a yi aiki a ciki. Kai kana 39 tun ƙarfe biyu, bangon yamma bai ma gama shan rana ba. Fanka ba ta ƙirƙirar sanyi, iskar ɗaki take turawa. In iskar ta riga ta dahu, ihu kawai za ta yi. Kuma duk wat ɗin da sabobin nan da UPS biyu suka ci, zafi yake komawa a cikin wannan ɗan sito da ka rufe ƙofarsa.

Farosesar Intel in ta kai iyakarta da kanta take rage gudu don ta huce, nauyin da yaranka ke gani ke nan. In hakan bai isa ba sai ta yanke wuta gaba ɗaya don kada ta ƙone. Ka girka lm-sensors ka buga sensors, zai nuna maka high da crit na ainihin farosesarka, don kowace iri da tata iyakar. Sannan tazarar 13 tsakanin CPU1 da CPU2 ta yi yawa, akwai abin da ke damun ta biyun ita kaɗai. A buɗe a duba.

Mai Gyara na Kasuwar Gumi ya rubuta:

Baba Injiniya ya gama magana, ni nawa na hannu ne.

Ɗan'uwa, yaushe rabon da a buɗe ta? In ta ci hunturun bana ba a hure ta ba, na san abin da za ka tarar. Ƙurar Disamba da Janairu tana shiga tsakanin haƙoran ƙarfen da ke kan farosesa ta dunƙule kamar auduga. Ta waje sai ka ga tsaf, sai ka cire ka ɗaga wa haske ka ga ko haske ba ya ratsawa. Kuma kada ka bari damina ta same ta a haka, don ƙurar in ta sha danshi taɓo take zama a kan bod.

Ka zare waya, ka fito da ita waje, ka hure da bulowa. Ka danne fanka da yatsa lokacin hurawa, kada iska ta juya ta fiye da ƙima. Ka taɓa ƙarfen akwatin kafin ka taɓa bod, yanzu iska a bushe take, jiki na tara wuta. Cire ƙarfen sanyayan, in man da ke tsakaninsa da farosesa ya bushe ya zama kamar alli, goge shi da sifirit ka sa sabo, ɗan ɗigo ya isa. Sukurorin ka ɗaure su a gicciye kaɗan-kaɗan, kada ka gama da ɗaya kafin ka taɓa sauran.

VBAT ɗin nan ƙaramin batirin nan ne mai kama da kwabo, CR2032, sabonsa yana ɗan haura 3. Naka ya kama hanya, canza shi. Ka dai ɗauki hoton saitin BIOS, wato saitin da bod ke tashi da shi, kafin ka cire.

Sai maganar 11.62. Ni ba na yanke wa fawa-fak hukunci da sensa kaɗai, na sha ganin sensa ta ce abu mita ta ce wani. Sa maltimita a kan filogin da ba a amfani da shi tana aiki: ruwan ɗorawa da baƙi 12, ja da baƙi 5, ruwan lemo da baƙi 3.3. Amma shi fawa-fak ɗin kada ka kuskura ka buɗe cikinsa. Akwai babbar kafasita da ke riƙe kusan bolt 400 ko bayan an zare waya.

Kafin ka samu lokacin duk wannan, cire murfin ka kafa mata fankar tsaye. Haka muke yi a shago in zafi ya yi yawa.

Injiniyan Kakuri ya rubuta:

Duk na yarda da kai ƙanena, ban da ta ƙarshen. Dabarar cire murfi ta kwamfutar tebur ce, wadda fankarta ke zaune a kan farosesa. Akwatin saba kamar bututu aka gina shi. Fankoki na jere a gaba, su tura iska ta ratsa ram da farosesa ta fita ta baya. Ka cire murfi, iskar ta tsere sama, abin da ke baya ya zauna babu mai hura shi. Shi ya sa ma ake sa wata roba a kan farosesa da ram don ta tattara iskar. Malam, in ka buɗe ka duba ko tana nan, kayan hannu sau da yawa babu ita suke zuwa. Fankar tsayen a kafa ta a bakin ƙofa tana fitar da zafin ɗaki, a nan za ta yi amfani.

Mai Gyara na Kasuwar Gumi ya rubuta:

Haka ne Baba, na karɓi gyara. Na tebur ne suka fi zuwa hannuna.

Malama ta Malali ta rubuta:

Sannunku da ƙoƙari. Ni tambayarka ta ƙarshe zan taɓa, don ita ce aikina kullum a inda nake.

Ba sai ka fara da babbar manhaja ba. Rubuta ɗan umarni a cron, wato manhajar Linux mai maimaita aiki a kan lokaci, ya riƙa buga ipmitool sensor duk minti ɗaya yana zubawa a fayil da lokaci a gaba. Kwana uku kawai, ka buɗe a Excel ka ja zane. Za ka ga ƙarfe nawa ɗakin ke fara hawa, minti nawa yake ɗauka bayan an kashe esi, da kuma yadda layin 12 ke yi in yara sun shiga. Wannan zanen shi za ka kai wa maigida, ya fi dogon bayani. In ka saba, Zabbix, manhajar sa ido a kan na'urori, na karanta IPMI kai tsaye kuma zai iya turo maka saƙo a waya in lamba ta haura inda ka sa. Ka sa taka iyakar, kada ka jira ta kamfani. R720 ba ta fara gargaɗin iskar shiga sai ta kai 42, ni a 30 nake so wayata ta yi ƙara. Kuma fayil ɗin Supermicro a kan Dell za ka ajiye shi ta hanyar netwok, don in ta mutu kada ta tafi da shaidar.

Ka sani karatun minti-minti ba zai kama yankewar ƙiftawar ido ba, wannan sai rajistar da Injiniya ya faɗa. In UPS ɗinka na da kafar USB, girka NUT, manhajar da ke karanta UPS, ka buga upsc, za ka ga wutar da ke shiga, cajin batir, da ko yana kan layi ko ya koma batir. Batiran cikinsa masu dalma ne, a kan digiri 25 ake lissafin shekarunsu, kuma kusan duk ƙarin digiri 10 rabin rayuwarsu yake ci. A ɗaki mai 39 ba za su daɗe ba, ko da fitilar gaba na nuna kore. Ka ga ashe ciwon biyu uwarsu ɗaya.

Abu ɗaya da ba ka tambaya ba amma ya dame ni. Wa ke iya kaiwa ga BMC ɗin nan? Tsofaffin bod na Supermicro da ADMIN da ADMIN suke zuwa a matsayin suna da kalmar sirri, tsofaffin Dell kuma root da calvin, kowa ya san wannan. Kuma bod ɗin Supermicro in ba a sa waya a kafar IPMI ba yakan bi ta kafar netwok ta farko. Wato wataƙila yana kan layi ɗaya da yara 60 masu wayo. Wanda ya shiga nan zai iya kashe sabar daga kujerarsa. Canza kalmar sirri yau, ka raba masa layinsa, kuma kada ka taɓa buɗe shi ga intanet.

Ɗan Tudun Wada ya rubuta:

Assalamu alaikum. Ku yi haƙuri da shiruna na kwana tara, so na yi in dawo da abin da na gani da idona. Allah ya saka muku da alheri, ya ƙara ilimi.

Yallabai Injiniya, ciwo biyu ne kamar yadda ka ce. Da farko lokutan sun ƙi haɗuwa, har na fara karaya, sai na tuna maganar agogo. Ashe BMC ɗin Supermicro yana baya da awa ɗaya cif, a kan UTC yake, wato agogon duniya, mu kuma muna gaba da awa guda. Da na gyara lissafin sai komai ya zauna. Cikin mutuwa bakwai da na iya bi, uku sun faɗo daidai mintin da Dell ta rubuta AC lost. Sauran huɗun babu ruwansu da wuta, dukkansu tsakanin uku saura da huɗu na yamma ne, kuma kafin kowacce akwai layin CPU2 Temp. Tun farkon Maris bod ɗin ke rubuta wannan, ni kuma ina tsaye ina kallon mitar bango.

Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci, da yake babu zama, muka fito da ita tsakar gida ni da wani yaro da nake koya wa aiki. Oga mai gyara, kamar kana wurin. Ƙarfen farosesa ta biyu na ɗaga wa rana, babu inda haske ya ratso. Da na sa tsinken sakace na jawo, ƙurar ta fito a dunƙule, ja-ja, kamar an yanko bargo. Man da ke ƙasa ya bushe har yana ɓarewa da farce. Robar tattara iskar kuwa babu ita sam, sai ramukan da take zama. Ban samu irinta ba tukuna, na sa a nemo min. Na canza mai a duka biyun, na sa sabon CR2032, yanzu VBAT na nuna 3.1.

UPS ɗin da muka buɗe, batir biyu ne masu bolt 12, ɗaya ya kumbura har sai da muka ɓamɓaro shi. An sa sababbi. Na gwada sau biyar ina kashe wutar bango da hannuna sabar na aiki, ko gezau.

Malama, zanenki ne ya yi min aikin da bakina ya kasa. Na bar cron kwana uku kafin mu taɓa komai. Ranar Talata an ɗauke wuta ɗaya da kwata, aka kashe esi, iskar shiga tana 29. Kafin biyu da kwata ta kai 38, ƙarfe uku da rabi tana 41. Na buga a takarda na ajiye wa maigidan a tebur. Ya daɗe yana kallo, sannan ya tambaye ni nawa ne fankar da ake sakawa a bango. Maganar sitabilaiza ba ta sake tasowa ba. Yanzu an fasa bangon sama an sa fanka mai zuƙe zafi waje, an yanka ƙasan ƙofa an sa raga da soso mai tace ƙura, kuma in an koma janareta esin ofishinsa ake kashewa a bar na ɗakin saba. Shi da kansa ya ce a yi haka. Na kuma juya sabobin, don da bayansu na manne da bango, zafin da suka fitar shi suke sake shaƙa. Kalmar sirrin ma kin yi gaskiya, ADMIN na buga ta buɗe, daga kwamfutar zaure kuwa. Jikina sai da ya yi sanyi. Na canza, na ja mata wayarta daban.

Jiya ƙarfe uku, yara 54 na kai: iskar shiga 28, CPU1 57, CPU2 61.

Abin da ya rage min layin 12 ne. Sensa na nuna 11.75 da asuba, ta sauka 11.56 in zaure ya cika. Maltimita kuma a filogi tana ba ni 11.96 da asuba, 11.81 da rana. Na ga mitar ta fi sensa da kusan 0.2, amma dukansu sun nuna tana sauka in an ɗora kaya. Yallabai, wannan saukar ta isa in nemi sabon fawa-fak tun yanzu, ko in ci gaba da bin ta a zane zuwa bayan jarrabawa? Ranar Asabar muna da zama huɗu cike, kuma yarinyar nan ta Rigasa tana cikin na ƙarfe biyu.